Faɗuwar da Mahaifiyata Ba Ta Taɓa Gani Ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a Birnin Konni, na yi wata tara ina wani aiki da ba wanda ya ɗauke ni: ina zuba ƙwallon matan ƙasar Holan a cikin salula, ina kai wa mahaifiyata ƙauye kowace Asabar. In na faɗi haka waɗanda suka san ta dariya suke yi. Tsohuwa ce da ko rediyo ba ta yarda a kunna mata ba, in ba sanarwar rasuwa ake karantawa ba.

Mahaifiyata maɗoriya ce. Gado ta yi wajen mahaifinta, shi yana ɗora maza, ita ta kama ɓangaren mata da yara. Ƙauyenmu yana gefen Dogarawa, amma daga Malbaza, daga ƙauyukan Illela, har daga tsallaken iyaka ana kawo mata mutane a amalanke. Kayan aikinta ba su da yawa: karan dawa da ta fere, tsumma mai tsabta, man shanu a ƙoƙo, sai yatsunta. In ƙashi ya fasa fata ba ta taɓawa, likita take cewa a wuce. Sauran kuwa, karaya ce, targaɗe ne, gocewa ce, sai ta rufe ido ta shafa sau biyu ta gaya maka. Ana cewa hannunta bai taɓa kuskure ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, tana jin daɗin a faɗa.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ni ce na ƙaryata masu karin maganar. Ina 'yar shekara goma sha biyu ta ce in riƙe mata hannun wata mata da ta faɗo daga jaki. Da ta ja ƙashin ya yi ƙara, mai ciwon ba ta suma ba, ni na suma. Ruwan da aka tanada don matar ni aka yayyafa wa. Tun ranar ta sallame ni ga boko, da na fara koyarwa kuma ta laƙaba mini "Madam", irin kiran nan da ba ka gane yabo ne ko zolaya.

Akwai gwiwa ɗaya da ba a maganarta a gidanmu. Ta ƙawar mahaifiyata ce, ƙawa ta tun 'yan matanci, wadda suka yi aure gari ɗaya, kowace ta riƙe wa 'yar'uwarta bikin haihuwa. Fura take sayarwa a kasuwar Dogarawa, kuma duk garin ba mai saurinta da kaya a ka. Wata ranar kasuwa, ina 'yar shekara bakwai, wani rago ya kubce ya yo kanta, ta juya da sauri don ta kauce, sai ta zube. Ragon bai taɓa ta ba, wurin kuma fili ne, ko tsakuwa babu. Aka kawo ta gidanmu gwiwa ta kumbura. Mahaifiyata ta ɗaure ta da kara, kwana arba'in cur. Ranar da aka kwance, ƙafar ta fito a miƙe kamar taɓarya, kuma ba ta sake lanƙwasuwa ba.

Mutane suka yi lissafinsu. Mace ta faɗi ba wanda ya taɓa ta, hannun da bai taɓa kuskure ba ya kasa, to ai jifa ne, wani ya yi mata asiri. Wa kuma zai sha furar wadda aka jefa? Masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ta bar kasuwa ta koma ƙofar gidanta tana saƙa faifai, ƙafa a miƙe bisa tabarma. Ita da mahaifiyata ba su yi faɗa ba. Sai dai shekara talatin mahaifiyata ba ta bi ta wannan ƙofar ba, ko da ita ce hanya mafi kusa zuwa rijiya. Mu ma zagaye muka tashi muna yi, ba tare da an taɓa gaya mana dalili ba.

Holan kuwa yayana ne ya jawo mana ita. Ci-rani ya ɗauke shi gari bayan gari har ya dire can, ya daɗe yana fama kafin ya sami takardu, daga baya aka ɗauke shi aikin kula da ciyawar wani filin ƙwallo. Da na yi wa mahaifiyata bayanin aikin, ta daɗe tana kallona.

"Ɗan manomin albasa," ta ce, "ya ƙetare teku shina ban-ruwa ga hakin da ko akuya ba a bari ta ci. Allah shi kyauta."

Abin ya ci masa rai. Shi ya sa da aka fara gasar matan ƙasar ta wannan shekarar, ya shiga turo wasannin ƙungiyar da ke buga wasa a filinsa, wai don Inna ta ga aikin hannunsa. A ƙauyenmu sai ka hau tudu kafin kira ya shiga, balle hoto mai motsi. Sai in sauke su a Konni cikin mako, ranar Asabar in hau mota zuwa Dogarawa, in ƙarasa da kabu-kabu.

Ranar farko, gero ya fitar da kai ana jiran ya nuna, muna zaune a rumfa bayan azahar. Ta dubi filin ta ce ba laifi, ya iya jan layi. Sai ga 'yan wasa sun fito a jere, masu jar riga da baƙinsu.

"Waɗanga mata ne?"

"Mata ne, Inna."

"Manya?"

"Manya. Wasu da maza, wasu har da ɗiya. Aikinsu ke nan, shi suka ci suna sha."

Na ga ta matso da fuskarta, ta ƙura wa ƙafafunsu ido. Na ce a raina to ga shi nan, yanzu za a fara wa'azin gajeren wando. Har na shirya laccata ta malaman lakwal, cewa kowace ƙasa da al'adarta. Aka busa, aka fara gudu. Ta yi ta kallo wajen minti goma, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ke Madam. Shekara hamsin ina taɓa ƙahwahun mata ƙarƙashin zane. Ban taɓa ganin gwiwar babbar mace tana gudu ba sai yau."

Na haɗiye laccata. Gaskiya ta faɗa, ni ce ban taɓa tunanin abin ba. A wajenmu yarinya tana gudu har ta fara girma, daga nan sai zane da tafiyar natsuwa har kabari. Mahaifiyata ta san gwiwar mace fiye da kowa a yankin, amma a kwance ta san ta, a kumbure, cikin duhun ɗaki, da yatsu. Yau ga gwiwoyi arba'in da huɗu a fili suna aikin da Allah ya halicce su don shi. Ta yi ta cewa "Allahu Akbar" a hankali, kamar wadda aka nuna wa cikin rijiyar da ta daɗe tana jan ruwa.

Daga ranar Asabar ta zama tata. Na yi mata bayanin gasar, cewa kowace ƙungiya sai ta je gidan kowace, kowace kuma ta zo gidanta, a yi ta tara maki har bazara. Ta ce ai wannan zumunci ne, ba laifi. Ta kafa mini doka: wasan ya kwana bakwai da bugawa, na san wanda ya ci, amma in na kuskura na faɗa, ba ni ba tuwonta. Maƙwabta mata suka fara leƙowa, har muka zama mu takwas, tara, kai da kai a kan salula ɗaya.

Ƙwallon kanta ba ta dame ta ba. Sau da yawa za a ci, mata su yi guɗa, ita tana can tana kallon diddigen wata a ƙarshen fili. Duk ta raɗa musu suna. Akwai Doguwa, akwai Mai Kitso Ɗaya, akwai mai tsaron gida da take kira Uwar Ɗaki. Ita wannan ta fi burge ta wajen faɗuwa. Mace ta tashi sama a kwance, jikinta duka a iska, ta cafe ƙwallo ta sauko ta mirgina ta miƙe kamar ba a yi ba.

"Ku duba, kafaɗa taka ba ƙasa, ba tahin hannu ba," in ji mahaifiyata. "Da matan garin ga sun iya hwaɗuwa haka, da na huta."

Wata Asabar ta nuna wata mai tsaron baya ta ce wagga ciwo take ɓoyewa, tana jin tsoron taka diddigen hagu, in masu ita suna da ido za su fitar da ita. Ni ban ga komai ba, gudu take kamar kowa. Ba a yi minti goma ba aka ɗaga allo, ta fita tana ɗingishi. Na dubi tsohuwar nan da ba ta san harafi ko ɗaya ba, tana zaune a kan buhu tana karanta jikin Baturiya daga nisan da ban san iyakarsa ba. Ni da na zo in yi mata bayani, na koma mai riƙe salula.

Amma 'yar gaban goshinta wata siririya ce da ke gudu ta gefen fili, wadda ta sa wa Zabuwa. Yarinyar tana iya tsayawa cak tana tsakiyar gudu, ta juya, ta bar mai bin ta tana neman ta. Duk sanda ta yi haka sai mahaifiyata ta yi dariya ta tafa cinya.

Makon da ake yankan gero abin ya faru. Zabuwa ta taho da ƙwallo, ta dasa ƙafar dama za ta juya kamar yadda ta saba, sai ta zube. Ba kowa kusa da ita. Tana kwance tana dukan ciyawa da hannu, ihunta har ta cikin salula muna ji. Kafin mu gama salati, masu talabijin suka maido da faɗuwar a hankali, a hankali, kamar ana tafiya cikin ruwa. Suka nuna ta gaba, suka nuna ta baya, suka nuna ta gefe. Tafin ƙafa ya kafe a ƙasa, jiki ya wuce, gwiwa ta karkata ciki ta yi wani ɗan tsalle da ido ba ya kamawa in da gudu ne.

"Maido," in ji mahaifiyata.

Na maido.

"Maido."

Na daina ƙirgawa. Ta sa yatsa a kan gilashin, daidai gwiwar, kamar za ta ji ta.

"Kullum ƙarshen labari aka kawo mani cikin amalanke," ta ce. "Yau nig ga farkonshi." "Babu wanda yat taɓa ta ko?"

"Babu, Inna."

"Ƙasa kuma shimhiɗe."

Wata maƙwabciya ta ce ashe can ma ana jifa. Mahaifiyata ta ɗaga kai ta dubi katangar gabas, kuma duk wanda ke rumfar ya san gidan wa ke bayan wannan katangar. Hira ta mutu, mata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Da za ni tafi ta ce in gaya wa yayana, daga yau labarin gwiwar nan take so kowane mako, ya fi mata wasan. Shi kuma da yake yana ganin 'yan wasan kullum wajen atisaye, ya shiga tambaya. Ya aiko cewa ba ƙashi ba ne. Wata jijiya ce mai kama da igiya a can tsakiyar gwiwa, ita ke riƙe ƙasusuwan biyu, ita ta tsinke, kuma an yi mata aiki. Mahaifiyata ta gyaɗa kai ta ce to yanzu sai ɗauri, arba'in ko fiye.

Ba a yi arba'in ɗin ba yayana ya nemi izinin yarinyar ya ɗauko mana hotonta mai motsi a ɗakin motsa jiki. Tana kwance, wata mata ma'aikaciyar ƙungiyar ta kama ƙafar tana lanƙwasa gwiwar da hannu, a hankali, tana miƙewa tana sake lanƙwasawa, Zabuwa na cije leɓe. Bayan ɗan lokaci ya sake aiko wani, tana kan keken nan da ba ya zuwa ko'ina, tana juya shi.

"Lanƙwasa ta suka yi," in ji mahaifiyata. Muryarta ta sauya. "Tun yanzu? Tambai shi don mi."

Na hau tudu na kira shi. Ya ce shi ma ya tambayi matar, ta gaya masa irin wannan gwiwar in aka ɗaure ta a miƙe aka daɗe, ƙagewa take yi, wani lokaci ba ta sake lanƙwasuwa. Na sauko na tarar da ita tsaye a ƙofar gida tana jirana. Na so in tausasa maganar, amma ban sami ta inda zan tausasa ba, sai na faɗa yadda aka faɗa mini. Ta juya ta shiga ɗaki. Ranar ba a yi tuwo a gidan ba.

Asabar uku ba ta kalli wasa ba. Can Holan ma sanyi ya sauka aka tafi hutu, yayana ya aiko hoton filinsa fari fat da ƙanƙara, ta ce in ajiye. A Asabar ta huɗu da hantsi muna ɓare wake, mu biyu kawai, ta fara magana idonta a kan ƙwarya.

"Ranar da anka kawo ƙawa, na shahwa. Ban ji karaya ba. Gwiwa na girgiɗi kamar haƙorin yaro, amma ƙashi lahiya lau. Ban taɓa jin irin shi ba. Abin da ya kamata in ce, ban sani ba." Ta ɓare wake biyu, uku. "Tsakar gida cike da mutane. Tsohona bai daɗe da rasuwa ba, ana kallon ko ɗiya ta gada. Sai niɗ ɗaure. Da anka kwance nig ga abin da niy yi. Da sunka ce jifa ne, niy yi kurum. Kurum ɗin nan ya hi ɗaurin muni, Madam. Ɗauri ƙahwa yac ci mata. Kurum ya ci mata kasuwa da mutane."

Ban taɓa jin mahaifiyata ta ce ta yi kuskure ko a gishirin miya ba. Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Na ce Inna abu ya wuce, ƙaddara ce, a wancan zamanin ko likita aka kai ta ba lalle a iya yi mata aikin nan ba. Na ce sunanta shi ne abin da ta tara duk rayuwarta, in ta buɗe baki mutane ba za su tuna ɗaruruwan da ta ɗora suka tashi ba, wannan ɗayar za su riƙe. Kun ji mai ilimin gidan. Ni da nake tsayawa gaban yara kullum ina cewa gaskiya dokin ƙarfe, ni ce na ba uwata shawarar ta ci gaba da ɓoyewa.

Ta dube ni ta ce, "Maido da ƙwallon. Sai na ga ƙarshen yarinyar. Ba ni zuwa mata da rabin labari."

Aka dawo hutu, muka dawo kallo. Ba Zabuwa, masu jar riga suka yi ta shan kashi, mata na yi wa Doguwa tsiya wai ƙafarta ta fi hankalinta tsawo. Daga baya suka farfaɗo. Mun ga wasa cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, mata na zamewa cikin taɓo suna tashi, numfashinsu na fita kamar hayaƙi, ba wadda ta nemi mafaka. Mun ga alƙaliya mace ta ɗaga wa wata jan kati ko gezau. Duk wannan ina kallo da rabin zuciya, sauran rabin ina roƙon Allah ya sa tsohuwa ta manta. Ba ta manta ba. Kowace Asabar kafin in sauke jaka sai ta ce, "Ina gwiwa?" Sai in ce Zabuwa ta ajiye sanda. Ta fara hawa matakala. Ta fara tafiya cikin ruwa.

Gasar ta ƙare cikin bazara, lokacin da buhunan albasa suke jibge a bakin hanya zafi kuma ya hana kowa sukuni. Masu jar riga ba su ɗauki kofi ba, a tsakiya suka ƙare. Amma bayan an busa wasan ƙarshe, 'yan wasa suka jeru suna zagaya fili suna gaida masu kallo, sai ga wata siririya cikin dogon wando ta fito daga gefe. Ta fara da tafiya, sannan ta shiga sassarfa, sannan ta saki jiki ta ratsa filin da ɗan gudu, gwiwa na lanƙwasuwa tana miƙewa, 'yan'uwanta suka yo kanta suka rungume ta. Yayana da hannunsa ya ɗauka, hoton na rawa, ana jin muryarsa da Hausa tsakiyar Turawa yana ihu, "Inna, ga ta nan! Inna, ga ta nan!"

Sau ɗaya mahaifiyata ta kalla. Ta tashi ta ɗauko mayafinta na zuwa biki.

"Tashi, Madam. Ɗauko abin."

La'asar ce, lokacin da mata ke taruwa a inuwar dogon yaron ƙofar ƙawarta. Na ce mu bari sai an watse mana.

"Gaban mutane anka ce jifa," ta ce. "Gaban mutane za a kwance shi."

Tafiyar ba ta kai ta minti biyu ba. Na sha mamakin kusancin gidan. Matar tana zaune bisa tabarma, ƙafar dama a miƙe, faifai rabin saƙa a cinyarta, mata shida ko bakwai kewaye da ita. Da suka hango mu hira ta tsaya. Mahaifiyata ta yi sallama, aka amsa, aka tura mata kujera. Ba ta zauna ba. Ta dafa ƙasa ta durƙusa bisa gwiwoyinta biyu gaban tabarmar, tsohuwar da masu gari ke aiko wa gaisuwa.

"Ƙawa, na zo in gwada maki wani abu."

Na durƙusa ni ma na miƙa salular, na kunna faɗuwar, wadda aka maido a hankali. Matar ta kalla fuska ba yabo ba fallasa. Da gwiwar ta karkata, na ga hannunta ya saki faifan ya sauka kan tata gwiwar.

"Haka," ta ce. "Wallahi haka. Ƙahwa ta tsaya, ni na wuce."

"Ba jifa ba ne," in ji mahaifiyata, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Igiya ce cikin gwiwa tat tsinke. Ban san ta ba, ban kuma ce ban sani ba. Irin ta ba a ɗaurewa, ni kau na ɗaure ki kwana arba'in. Ni na ƙage maki ƙahwa, ƙawa. Da anka ce an jefe ki, na san ba haka ba ne, niy yi kurum don sunana. Babu abin da ke jikinki, ba a taɓa yi maki komi ba. Ni ce."

Wata ta fara cewa Allah Sarki, ƙaddara, wata ta taɓa ta ta yi shiru. Ƙawar ba ta dubi mahaifiyata ba. Ta daɗe tana kallon ƙafarta, sannan ta juyo gare ni.

"Ke ɗiyar ƙawa. Ita yarinyar, mi taz zama?"

Na kunna mata hoton ƙarshen. Ta riƙe salular da hannu biyu, ta kalli Zabuwa ta ratsa filin. Ta ce in maido, na maido. Hawaye na bin kumatunta, amma murmushi take yi.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ko ɗaya cikinmu ta yi gudu."

Nan mahaifiyata ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu. Matar ta bar ta ta yi, ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma ce komai ya wuce ba. Can ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafar nan tata ta matsar da ita gefe, wuri ya samu a tabarmar.

"Tashi ki zamna," ta ce. "Gwiwarki ba ta yarinya ba ce. In taki ta ƙage, wa za shi ɗora ki, wagga mai suma?"

Mata suka kwashe da dariya cikin hawaye, ni ma na yi, duk da ni aka ci.

Kafin magariba labari ya gama gari. Abin da na ji tsoro ya faru, amma rabinsa. Akwai waɗanda suka daina kawo nasu, akwai waɗanda suka ce tsufa ne ya taɓa ta. Sauran suka ci gaba da zuwa, sai dai kirarin ya sauya. An daina cewa hannunta bai taɓa kuskure ba, aka koma cewa in ba ta sani ba tana faɗi. Ni da kunnena na ji ta sau da yawa bayan nan tana cewa, "Wannan ya hi ƙarhina, ku wuce likita." Ranar kasuwar da ta biyo baya ƙawarta ta dama fura ta ajiye a ƙofar gida, karo na farko cikin shekara talatin. Mahaifiyata ta je da ludayinta, ta zauna a fili inda masu wucewa za su gan ta, ta sha.

Ban taɓa jin kalmar "na yafe" tsakaninsu ba. Wataƙila an faɗe ta ba na nan, wataƙila kuma matar ta riƙe abinta, kuma in ta riƙe ban ga laifinta ba, don shekara talatin ba ta dawowa, ƙafar ma ba ta lanƙwasu ba har ta koma ga Allah. Abin da na sani, shekarun da suka rage musu a tabarma ɗaya suka yi su.

Su biyun duk sun rasu yanzu, Allah ya jiƙan su. Ni har yau in na tuna sai mamaki ya rufe ni. Wata yarinya a ƙasar da ban taɓa takawa ba ta yi faɗuwar da ta fi kowace muni a rayuwarta, ta yi kuka tana ganin ta yi asarar shekara guda a banza. Ba ta san cewa a wani ƙauye gefen Dogarawa faɗuwar nan tata ta wanke wata tsohuwa daga sunan da ta ɗauka shekara talatin ba. Na sha ce wa yayana ya gaya mata. Ya ce ya gwada sau ɗaya, ya fara, harshen ya gagare shi, sai kawai ya ce mata uwarsa tana gaishe ta.